Wanda aka shigar ta taga ba ya tsaron ƙofa

A cikin ƴan shekarun nan, duk wanda ya bi manyan titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, zai ga allunan makarantun kuɗi suna kiran matasan da suka samu bak su zo su koyi sana'ar da ake taƙaita sunanta da haruffa uku, GRH, wato kula da ma'aikata. Iyaye suna sayar da buhunan wake da awaki domin biyan kuɗin karatun, saboda an gaya musu ɗansu zai zauna cikin biro mai sanyi, yana ɗaukar mutane aiki yana sallamarsu. A dā ana ce da mai wannan kujera shugaban ma'aikata, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Yau Faransanci ya ba sana'ar sabon suna, « ressources humaines », wanda in aka juya shi da Hausa sai ya zama albarkatun ɗan Adam, kamar dai mutum ya shiga layi ɗaya da yuraniyom na Arlit da man fetur na Agadem. Sunan ma abin a tsaya a kansa ne, amma akwai abin da ya fi shi ciwo. Ƙasar da take horar da matasa domin su tsare haƙƙin ma'aikaci, ita ce kuma take fara karɓarsu a wurin aiki ta hanyar taka nasu haƙƙin. Wannan shi ne batun da ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su daina kau da kai daga gare shi.

Kafin a yi nisa, ya dace a fayyace mene ne ainihin aikin, domin da yawa daga cikin masu sha'awarsa ba su san shi ba. Mai kula da ma'aikata shi ne yake rubuta takardar yarjejeniyar aiki, ya tabbatar an sa mata hannu. Shi ne yake kai sunan sabon ma'aikaci Asusun Kula da Jin Daɗin Ma'aikata na Ƙasa, wato CNSS, wanda aka kafa tun 1965, inda ake tara kuɗin tallafin iyali, da diyyar haɗarin aiki, da fanshon tsufa. Shi ne yake lissafin albashi ya fitar da takardarsa duk ƙarshen wata, ya ƙirga ranakun hutu, ya shirya zaɓen wakilan ma'aikata, ya kuma bi matakan da doka ta shimfiɗa kafin a kori mutum. Littafin da yake jagorantarsa shi ne kundin dokokin ƙwadago, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. A nan aka tsayar da awa 40 na aiki a mako, da hutun shekara mai albashi, da mako 14 na hutun haihuwa ga mace, da iyakar lokacin da za a riƙe mutum a kan kwantaragi mai wa'adi. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda ya tsaya a jika 30 da ƴan kai tun 2012, an ɗaga shi zuwa jika 42 daga watan Janairu 2024. Waɗannan duka rubutattun abubuwa ne, kuma ba su zama gaskiya a rayuwar direba ko mai gadi ko sakatariya sai in mutum ɗaya, a cikin ofis ɗaya, ya ɗauki alƙalami ya cika takarda. Wannan mutumin shi ne wanda ake magana a kansa.

To, ta wace hanya saurayi ko budurwa ke isa wannan kujera? Hanyar sananniya ce. Bayan shekara uku ko biyar na karatu, a jami'ar Abdou Moumouni, ko a jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010, ko a makarantun kuɗi, sai a nemi bautar ƙasa ta shekara biyu, inda ake ba mutum ɗan abin da ake kira pekil. In an gama, sai a shiga yawon ajiye dosiye. Kowace sanarwar aiki, ta kamfani ko ta furoje, tana neman wanda ya taɓa aiki shekara uku ko biyar, kamar dai ana haihuwar mutum da gogewa. Domin cike wannan giɓi sai a koma ga sitaj. Ana cewa na wata uku ne, sai a ƙara wasu uku, sai a ce ya ɗan daure domin ana gab da buɗe gurbi. Shekara ta wuce, ta biyu ta kama, matashi yana zuwa ƙarfe takwas yana tashi bayan la'asar, kuɗin kabu-kabu daga aljihun mahaifiyarsa yake fitowa, babu lambar CNSS, babu takardar albashi, wani lokaci babu ko takardar da ke nuna yana wurin. Ran da gurbin ya buɗe kuwa, sai a ga wata baƙuwar fuska ta zauna a kai. Ƴan Nijar sun daɗe da raɗa wa wannan hanya suna da haruffa uku nata, PAC, wato dangi, abokai da sanayya.

Abin takaici a nan shi ne, ɗan sitaj na ofishin kula da ma'aikata ya bambanta da sauran ƴan sitaj. Wanda ke koyon lissafi ko gyaran inji, in an zalunce shi, an zalunce shi ne kurum. Shi kuwa wannan, da hannunsa yake buga wa wasu yarjejeniyar aiki alhali shi ba shi da ita. Yana haddace sassan doka da safe, da rana yana ganin yadda ake kewaye su, kuma shi kansa shi ne misalin farko. Yana koyon yadda ake katse kwantaragi kwana kaɗan kafin wa'adi ya cika a sake sabo, domin kada mutum ya zama ma'aikacin dindindin. Yana koyon yadda ake rubuta wa CNSS rabin sunaye a ɓoye rabi. Yana koyon cewa ana buga sanarwar neman ma'aikaci a jarida ne bayan an riga an zaɓi mai rabo, domin dai a cika ƙa'ida. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan gaskiya ce ko ta wace fuska aka tanƙwara. Wanda ya yi shekara biyu yana aiki kyauta, sannan ya samu shiga albarkacin wayar wani kawu, ran da ya zama darakta ba zai ga laifin sa ɗan wani aiki kyauta ba. Zai ce haka aka yi masa, kuma ga shi bai mutu ba. Da haka mugun hali ke zama gādo a cikin sana'ar da aka ƙirƙira domin ta hana shi.

Kada a ɗora laifin duka a kan ƴan kasuwa, domin babbar malamar wannan darasi ita ce gwamnati, wadda ta fi kowa yawan ma'aikata. Akwai zamanin da ɗalibi ke fita daga babbar makaranta ya tarar da lambar aikin gwamnati tana jiransa. Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, waɗanda suka fara a shekarun 1980, suka rufe wannan ƙofa. Shekarun 1990 suka zo da bashin albashi na watanni a jere, da karyar darajar kuɗin sefa a watan Janairu 1994. A 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai a makarantun firamare, daga bisani, tare da shirin raya ilimi na shekara goma da ya soma a 2003, aka mayar da su ƴan kwantaragi. Abin da ake ba su ya yi ƙasa ƙwarai da albashin malamin da ke da lamba, ga shi kuma yakan makara, har jinkirin pekil ya zama sanadin yajin aiki shekara bayan shekara. Ba da jimawa ba ƴan kwantaragi suka zama mafi yawan masu riƙe da alli a ƙasar. A 2017 aka yi musu jarrabawar tantancewa, aka sallami da yawa bisa cewa ba su cancanta ba. Gaskiya ne tsarin ya sa yara masu ɗimbin yawa sun shiga aji, waɗanda da ba su shiga ba. Amma wane ne ya ɗauki waɗannan malamai tun farko ba tare da tantancewa ba, ya bar su shekaru ba horo, sannan ya dawo yana mamakin rauninsu? Wannan shi ne gwaji mafi girma na kula da ma'aikata da Nijar ta taɓa yi, kuma darasin da kowane mai kamfani ya ɗauka daga gare shi a fili yake: tun da uwa ta yi haka da ƴaƴanta, ba wanda zai tuhumi baƙo.

Masu kare sitaj marar iyaka suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko ita ce, wuraren aiki masu rajista kaɗan ne a ƙasar da mafi yawan jama'arta manoma ne, makiyaya da ƴan ƙananan sana'o'i, saboda haka wanda aka ba kujera ya zauna ya koya, ko ba a biya shi ba, alfarma aka yi masa. Ta biyu, wadda suka fi so, ita ce wai ai haka al'adarmu take, domin yaron maƙeri ko na tela ko na ɗan kasuwa ba a taɓa yanka masa albashi ba. Wannan hujja ta biyu ita ce ta fi bukatar amsa, domin ƙazafi ce ga al'adar da ake fakewa da ita.

Duk wanda ya san kasuwar Maraɗi ya san dangantakar ubangida da baransa, wadda mai bincike Emmanuel Grégoire ya yi nazarinta a littafinsa kan alhazan Maraɗi da ya fito a 1986. Gaskiya ne ba a rubuta takarda, ba a kuma yanka albashin wata. Amma yaron yana ci daga tukunyar gidan, ana ɗinka masa kayan salla, in ya yi ciwo ubangida ne ke kai shi asibiti, in ya isa aure ubangida yana cikin masu ɗaukar nauyi. Fiye da haka, zaman yana da ƙarshe. Ranar tana zuwa da za a ba shi jari, ko a ɗora shi a kan kanti, ko a sallame shi da keken ɗinki ya buɗe nasa shago. Ubangidan da ya ci ƙarfin yaro shekara da shekaru bai yaye shi ba, gari duka ya san shi, kuma abin kunya ne da ke bin sunansa har zaure da masallaci. Wato a tsohon tsari akwai ci, akwai kariya, akwai mafita, akwai kuma idon jama'a. Ofishin zamani ya ɗauki abu guda daga wannan tsari, wato aiki ba albashi, ya zubar da sauran. Daga tsarin Turawa kuma ya ɗauki kwat da biro da hatimi, ya bar yarjejeniya da lambar CNSS. Wanda ya tsinci abin da ya yi masa daɗi daga gida biyu, ya bar nauyin kowanne, bai isa ya kira al'ada ta yi masa shaida ba.

Game da hujjar farko kuwa, ƙarancin wurin aiki dalili ne na a ƙara tsananta adalci wajen rabonsa. In gurbi ɗaya ne masu nema ɗari, to nan ne ya fi wajaba a yi konkur a fili, a liƙa sakamako a bango, kowa ya ga makinsa. Kuma akwai bambanci tsakanin koyo da aiki. Wanda yake kallo ana nuna masa, na wata uku ko shida, ɗalibi ne. Wanda ya riƙe lissafin albashin mutum hamsin shi kaɗai tsawon shekara, ma'aikaci ne, ko da wane suna aka kira shi. Hukumar samar da aikin yi ta ANPE, wadda ta samo asali daga dokar ƙwadago ta 1996, ita kanta tana tura matasa masu difloma sitaj a ƙarƙashin rubutacciyar yarjejeniya mai wa'adi da ɗan alawus, abin da ke nuna cewa ana iya yin abin bisa ƙa'ida in an so.

Akwai kuma masu cewa mai kula da ma'aikata ɗan aike ne kawai, maigida ke yanke hukunci, shi nasa buga takarda. Wannan magana tana rage wa sana'ar daraja, tana kuma ba mai ita mafaka. Ranar wahala ce ke nuna nauyin takarda. Lokacin da mahakar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta yi aiki tun 1978, ma'aikatan kamfanin kimanin 600 sun fita da tsarin sallama da aka tattauna a kansa, yayin da wasu ɗaruruwa da suka shiga rami guda amma a ƙarƙashin kamfanonin ƴan kwangila suka yi ta kukan an bar su a baya. Ƙura ɗaya suka shaƙa, abin da ya raba makomarsu shi ne sunan da ke saman takardar kowane. Haka nan a watan Maris 2025, da hukumomin Nijar suka umarci shugabanni uku ƴan ƙasar Sin na kamfanonin man fetur su bar ƙasar, cikinsu har da na matatar SORAZ da ke jahar Damagaram, ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Jadawalin albashi ba daga sama yake faɗowa ba, a ofishin kula da ma'aikata ake tsara shi, layi bayan layi. Kujerar da takardunta ke iya raba mutum da fanshonsa, ko su tayar da rikici tsakanin ƙasa da ƙasa, ba ta dace da wanda aka koya wa cewa shi ɗan aike ne ba.

Sauran batu ɗaya da ya shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye, shi ne harshe. Yarjejeniyar aiki da Faransanci ake rubuta ta, haka takardar albashi, haka takardar gargaɗi, haka ta kora. Mai gadi da lebura da mai shara suna dangwala yatsa a kan abin da ba wanda ya karanta musu, sai ran da rigima ta tashi a gaban sufeton ƙwadago a ce ai ga hannunsu. Makarantun da ke koyar da GRH suna cika kunnen ɗalibi da kalmomin da aka kwaso daga littattafan Faransa da Amurka, amma da wuya a samu wadda ta taɓa tambayarsa ya bayyana wa direba, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Tamajak, abin da aka cire daga albashinsa da inda kuɗin ya tafi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan wannan mataki, wasu na murna wasu na ƙorafi. Amma darajar harshe ba ta tabbata da sanarwa kaɗai. Tana tabbata ne ran da lebura zai ji sharuɗɗan aikinsa da harshen da yake mafarki da shi kafin ya sa hannu. A nan malaman harsuna da ƙungiyoyin al'adu suna da aiki a gabansu da ya fi shirya bukukuwa amfani: su zauna da masana doka da ƴan sandika, su tsayar da kalmomin ƙwadago cikin harsunan ƙasa, su fassara muhimman sassan kundin 2012 da samfurin yarjejeniya da takardar albashi, a karanta su a gidajen rediyon karkara.

Abin da ake nema daga hukuma ba mai yawa ba ne. Kowane sitaj ya kasance a rubuce, da ranar farawa da ta gamawa, da sunan mai koyarwa, da ɗan abin da zai ɗauki nauyin zirga-zirga da abincin rana. In wa'adi ya cika aka ci gaba da riƙe mutum, a ɗauke shi a matsayin ma'aikaci, sufeton ƙwadago kuma ya samu mota da mai da ƙarfin da zai je ya duba. A lissafa bautar ƙasa da sitaj a cikin shekarun gogewa da ake tambaya. Makarantun da ke sayar da difloma su riƙa bayyana wa iyaye ɗalibai nawa suka yaye da kuma nawa suka samu aiki. Gwamnati kuma, tun da ita ce babba, ta fara gyara daga gidanta, domin ba za ta tilasta wa ɗan kasuwa abin da ita ba ta yi wa malamin ƙauye ba.

Shi kuma matashin da ya zaɓi wannan hanya, ba sai ya jira an gyara duniya ba. Jarinsa na gaskiya shi ne ya san kundin dokokin ƙwadago fiye da maigidansa, ya iya lissafin albashi da na CNSS ba kuskure, ya riƙe sirrin dosiyen mutane, ya iya magana da na ƙasa da harshensu. Ya nemi shaidar kowane wata da ya yi a kowane wuri, ya adana. Ya koyi faɗa wa maigida, cikin ladabi kuma a rubuce, cewa hanya kaza za ta kai kamfani kotu, domin maigida mai hankali ya fi bukatar mai hango masa rami a kan mai yi masa kirari. Wasu za su rasa kujera saboda haka, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma garuruwan ƙasar nan ƙanana ne, labari yana yawo, kuma sunan mai amana yana isa wurin da dosiyensa bai isa ba.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin ɗacin aiki ba tabbas, domin da yawansu sun ɗanɗana shi shekaru. Ɗaliban da ke zaune gabansu yau a lise, wasunsu ne gobe za su riƙe dosiyen dubban ma'aikata, har da na ƴaƴan malaman. Ya rage ga malamai da iyaye da ƙungiyoyi su matsa a shigar da waɗannan yara aiki ta ƙofa, da takarda da haƙƙi, tun ranar farko, in ana son su tsare wa wasu ƙofar idan lokacinsu ya zo.